Aikin Kare Yara a Kotunan Iyali na Ingila

Gabatarwa

Ma'aikacin kare yara a Ingila ba shi da ikon ɗauke ɗan kowa daga hannun iyayensa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin akasinsa ne ya fi yaɗuwa a bakin mutane, musamman baƙin da suka je zama can daga Afirka. Akan ji ana cewa hukuma ta ƙwace wa su wane ƴaƴa, kamar dai wani jami'i ne ya shigo gida ya tasa su gaba don ya ga dama. A bisa doka, hanyoyi uku ne ake raba yaro da gidansu: ko iyaye su yarda da kansu, ko ɗan sanda ya ɗauke shi a halin gaggawa na tsawon lokacin da bai wuce awa 72 ba, ko kuma alƙali ya ba da umarni. Shi ma'aikaci, wanda a mafi yawan lokuta mace ce, aikinsa shi ne bincike da rubutu, sa'an nan tsayawa gaban alƙali ya kare abin da ya rubuta.

Wannan takarda za ta bi sawun aikin tun daga ranar da aka kai ƙorafi har zuwa ranar yanke hukunci. An taƙaita bayanin ga Ingila, saboda Sikotilan tana da nata tsarin daban, ita ma Wales ta sauya wasu sassa na dokar.

Tsoro biyu da suka haifi dokar

A watan Janairun 1973 wata yarinya ƴar shekara 7 mai suna Maria Colwell ta mutu a garin Brighton a hannun mijin uwarta. Ta daɗe tana zaune lafiya a wajen dangin mahaifinta kafin a mayar da ita ga mahaifiyarta. Binciken da aka yi ya ɗora wa hukumomi laifin sakaci. Bayan shekara 14 sai aka ga ɗaya fuskar al'amarin. A 1987, a yankin Cleveland da ke arewa maso gabashin ƙasar, likitocin yara biyu suka ce sun ga alamun lalata a jikin yara 121 cikin ƴan watanni, aka raba yaran da iyayensu, daga baya aka mayar da mafi yawansu gida. Rahoton da mai shari'a Elizabeth Butler-Sloss ta fitar a 1988 ya nuna an yi gaggawa, kuma ba a saurari iyayen ba, balle yaran.

Dokar Yara ta 1989, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 1991, tsakanin waɗannan tsoro biyu aka gina ta: tsoron barin yaro ya halaka a gida, da tsoron raba shi da iyayensa a kan zato. Ta ɗora wa alƙali ya fifita maslahar yaro a kan komai, ya ɗauki jinkiri a matsayin cutarwa, kuma kada ya ba da umarni sai idan bayar da shi ya fi rashinsa amfani ga yaron.

Zuciyar dokar ita ce sashe na 31. Kafin kotu ta danƙa yaro ga ƙaramar hukuma, sai an tabbatar yana shan cuta mai tsanani, ko akwai alamar zai sha, kuma cutar ta samo asali ne daga irin kulawar da ake ba shi, ko daga gagarar iyayensa da ya yi. Kalmar “tsanani” a nan tana ɗauke da nauyi. Talauci kaɗai bai isa ba, haka ma ƙazantar ɗaki. Akwai wani hukunci da mai shari'a Hedley ya yanke wanda lauyoyi ke yawan ambata, inda ya nuna cewa dole al'umma ta haƙura da tarbiyya iri-iri, har da wadda ta isa da ƙyar, domin ba aikin gwamnati ba ne ta tserar da yara daga kowace irin kasawar iyaye.

Daga ƙorafi zuwa taro

Ƙorafi kan fito daga makaranta, ko asibiti, ko ƴan sanda, ko maƙwabci. Littafin jagora na gwamnati, bugun 2023, ya ba ƙaramar hukuma ranar aiki ɗaya ta yanke shawarar abin da za ta yi da shi, da kuma ranakun aiki 45 ta kammala nazarin halin da iyalin ke ciki. Yawancin ƙorafe-ƙorafe ba sa kaiwa kotu. Wasu akan rufe su, wasu kuma akan taimaki iyalin ƙarƙashin sashe na 17, wanda ya shafi yaran da ke cikin buƙata.

Idan akwai dalilin zaton cuta mai tsanani, sai a buɗe bincike ƙarƙashin sashe na 47. Ma'aikaci zai je gidan, ya ga inda yaro yake kwana, ya duba ko akwai abinci, ya kuma keɓe da yaron su yi magana su kaɗai. Cikin ranakun aiki 15 akan kira taro wanda ya haɗa iyaye da malamin makaranta da ma'aikaciyar lafiya da ɗan sanda. Idan taron ya ga akwai hatsari, sai a tsara shirin kariya, a kuma rubuta nau'in cutar: sakaci, ko duka, ko lalata, ko ƙuntata wa zuciya. Sakaci ya fi yawa, shi ne kuma ya fi wuyar tabbatarwa, domin ba rauni ɗaya ba ne da za a ɗauki hotonsa. Tarin ƙananan abubuwa ne: fashin makaranta, haƙorin da ya ruɓe ba a kai asibiti ba, yaron da kullum yake zuwa aji da yunwa. Saboda haka ne tsara tarihin abubuwan da suka faru, kwanan wata bi da bi, ya zama babban makamin ma'aikaci.

In shirin bai yi aiki ba, ƙaramar hukuma kan rubuta wa iyaye wasiƙar gargaɗi cewa tana shirin zuwa kotu. Wasiƙar tana ba su damar samun lauya kyauta. Haka nan idan an shiga shari'ar, gwamnati ce ke biyan lauyoyin iyaye ba tare da duba abin hannunsu ba. Wannan haƙƙi ya tsira ko da dokar 2012 ta datse tallafin lauya a yawancin shari'un saki da rabon riƙo tsakanin ma'aurata.

Victoria Climbié

Babu labarin da ya fi nuna yadda wannan mataki yake lalacewa kamar na Victoria Climbié, kuma labari ne da ya taɓa Afirka ta Yamma kai tsaye. An haife ta a Abobo da ke Abijan, ƙasar Kodebuwa, a watan Nuwamban 1991. A ƙarshen 1998 iyayenta suka ba da ita riƙo ga Marie-Thérèse Kouao, ƴar'uwar kakanninta ta wajen uba, wadda ta yi alkawarin sa ta makaranta a Turai. Suka zauna Faransa, a watan Afrilun 1999 suka shiga Landan, Kouao tana nuna ta a matsayin ƴarta da sunan Anna. Ran 25 ga Fabrairun 2000 yarinyar ta mutu tana da shekara 8. Likitan da ya duba gawar ya ƙidaya rauni 128. A watan Janairun 2001 aka yanke wa Kouao da saurayinta Carl Manning ɗaurin rai da rai.

Abin da ya girgiza ƙasar shi ne yarinyar ba ɓoyayya ba ce. Sassan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi huɗu sun san da ita, an kwantar da ita a asibitoci biyu, ƴan sanda ma sun buɗe mata fayil. A asibiti ɗaya aka ce tabon jikinta ƙazwa ce, daga nan sauran ma'aikata suka jingina da maganar likita. Ƙaramar hukumar Haringey ta rufe fayil ɗinta a ranar da ta mutu. Kwamitin Lord Laming, wanda ya fitar da rahotonsa a Janairun 2003 da shawarwari 108, ya lissafa aƙalla lokuta 12 da za a iya ceton ta.

Abubuwa biyu daga rahoton sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko harshe. Faransanci Victoria take ji, kuma sau da yawa Kouao ce ke magana a madadinta. Laming ya ba da shawarar cewa duk yaron da Ingilishi ba harshensa na farko ba ne, a nemo tafinta idan za a yi magana da shi kan lafiyarsa. Abin kamar ƙarami, amma wanda ake zargi in shi ne tafinta, to bincike ya mutu tun ba a fara ba. Na biyu al'ada. An ga yarinyar tana ƙamewa a tsaye idan Kouao ta shigo, sai aka fassara hakan da ladabin da aka san gidajen baƙar fata da shi. Ladabi daban, tsoro daban, kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake durƙusa wa manya zai iya rarrabe su. Kuskuren a nan ba raina al'ada ba ne, a'a, sanin ta ne sama-sama har ta zama labule.

Dokar Yara ta 2004 ta biyo bayan rahoton, a 2005 kuma aka tsaurara ƙa'idojin riƙo na tsakanin mutane. Duk wanda zai riƙe yaron da bai kai shekara 16 ba har kwana 28 ko fiye, alhali shi ba dangi na kusa ba ne, dole ya sanar da ƙaramar hukuma. Dangi na kusa a wannan doka su ne kakannin da suka haifi iyayen yaro, da yayye da ƙanne, da ƴan'uwan uwa ko na uba, da mijin uwa ko matar uba. A lissafin Bahaushe Kouao kaka ce, haka ɗan baffan mahaifi baba ne. A lissafin dokar Ingila dukkansu bare ne. Iyali da yawa kan saɓa wannan ƙa'ida ba da niyya ba, saboda kalmar da suke kiran mutum da ita ta fi ta doka faɗi.

Game da duka kuwa, dokar 2004 ta bar wa iyaye a Ingila kafar horo mai sauƙi, amma ba ta kare wanda ya bar rauni ko tabo ba. Sikotilan ta rufe kafar gaba ɗaya a 2020, Wales ta bi baya a 2022.

A gaban alƙali

Tun daga watan Afrilun 2014 kotun iyali guda ɗaya ce ke sauraron waɗannan shari'u. Gwargwadon nauyin magana, ana iya ba majistarori, waɗanda ba lauyoyi ba ne, ko alƙalin gunduma, ko na sama da shi, har zuwa alƙalin babbar kotu. Idan rai na cikin hatsari akan nemi umarnin gaggawa na kwana 8, wanda za a iya ƙara wa kwana 7 sau ɗaya tak. Abin da ya fi yawa shi ne umarnin riƙo na wucin gadi, wanda ke tsaida inda yaro zai zauna har a gama shari'a.

Mai ƙara ita ce ƙaramar hukuma, ma'aikacinta kuma shi ne babban shaida. Yakan gabatar da bayani a rubuce mai ɗauke da tarihin iyali, da taswirar dangi, da irin cutar da ake zargi, da kuma shirin da aka yi wa yaron nan gaba. Amma ba shi ke magana da yawun yaro ba. Yaron yana da nasa lauya, da kuma wakili daga hukumar Cafcass, wadda aka kafa a 2001. Wakilin shi ma ƙwararren ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, sai dai ba ya ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Yana da ikon karanta fayilolinta, ya gana da yaro da iyaye, ya kuma gaya wa alƙali cewa shirin da aka kawo bai yi ba. Alƙalin da ya ƙi bin shawararsa sai ya bayyana dalili. Wato ma'aikaci yana aiki ne da sanin cewa wani abokin sana'arsa yana biye da shi yana auna kowane taku.

Mizanin hujja a nan ba irin na kotun laifi ba ne. A can sai an kawar da shakka. A nan rinjayen zato ya isa, wato abin ya fi kusa da faruwa bisa rashin faruwa. Majalisar Dattawan shari'a ta jaddada haka a 2008. Shi ya sa mutum zai iya kuɓuta a kotun laifi, ko ma a ƙi gurfanar da shi, amma kotun iyali ta ce shi ya karya ƙashin jaririn. Iyaye da dama ba sa gane wannan, suna ganin an yi musu shari'a biyu a kan abu ɗaya.

Ranar ba da shaida ita ce ranar da ma'aikata suka fi tsoro. Lauyan uwa zai ɗauki fayil shafi-shafi: me ya sa aka rubuta cewa ta fashe zuwa ganin ɗanta sau uku, ba a rubuta sau ashirin da ta zo ba? Wane taimako aka ba ta kafin a zo kotu? Wa ya fassara mata wasiƙar? Rubutun da ya cakuɗa abin da ido ya gani da abin da zuciya ta raya ba ya kai labari a wannan wuri. “Gidan ya yi datti” ra'ayi ne. “Akwai kashin kare a ɗakin da jariri ke rarrafe” shaida ce. Ma'aikacin kirki yakan rubuta alherin iyaye kamar yadda ya rubuta kasawarsu, kuma alƙalai sun fi gaskata irin wannan.

Sai maganar lokaci. Bitar da David Norgrove ya jagoranta a 2011 ta tarar shari'ar riƙo kan ci fiye da shekara guda. Dokar 2014 ta ƙayyade mako 26, tare da damar ƙarin mako 8 idan adalci ya buƙata, ta kuma rage kiran ƙwararru sai in ya zama dole. Ga jariri, wata shida lokaci ne mai tsawo, domin a cikinsa yake shaƙuwa da mai riƙonsa. Ga uwar da ke fama da shaye-shaye, wata shida bai isa ta nuna ta tuba ba. Gwajin gashi, wanda ke tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, yana iya nuna abin da ta sha watanni baya, amma ba ya faɗin abin da za ta yi baɗi. A 2008 alƙali Nicholas Crichton ya buɗe wata kotu ta musamman a Landan don irin waɗannan iyaye, inda suke ganin alƙali ɗaya duk mako biyu ba tare da lauyoyi ba, ana kuma yi musu magani a lokaci guda. A aikace dai wa'adin ya sha kuɓucewa: a 2022 da 2023 matsakaicin tsawon shari'a ya haura mako 40.

Inda yaro kan ƙare

Alƙali na iya mayar da yaro gida, da umarnin sa ido na shekara ɗaya ko ba tare da shi ba. Yana iya ba da umarnin riƙo, wanda ke sa ƙaramar hukuma ta yi tarayya da iyaye a alhakin yaro har ya cika shekara 18, a ajiye shi wajen mariƙan da hukuma ta tantance. A ƙarshen Maris na 2023 yara sama da 83,000 ne ke hannun ƙananan hukumomin Ingila.

Mataki mafi tsanani shi ne a ba da yaro ga wasu su mai da shi ɗansu har abada, a yanke nasabarsa ta doka da iyayen da suka haife shi, ko da ba su yarda ba. Yara kimanin 3,000 ne aka yi wa haka daga hannun hukuma a shekarar da ta ƙare a Maris na 2023. Ingila ta fi yawancin ƙasashen Turai amfani da wannan hanya, kuma ana sukar ta a kai. A 2013 Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka yi hukuncin cewa ba a bin ta sai in babu wata mafita, kuma dole ma'aikaci ya auna kowace hanya da amfaninta da illarta, ba ya jera su yana zubarwa har ya iso inda dama ya nufa ba. Tun daga nan neman dangi ya ƙara nauyi a cikin aikin. Akan tantance kaka ko goggo ko kawu, wani lokaci ko da a wata ƙasa suke zaune, akan kuma kira taron dangi su kawo nasu shirin. Wannan dabara ta taron dangi daga Niyuzilan aka aro ta, inda aka sa ta a doka a 1989 bisa al'adar mutanen Mawori.

Akwai matsakaiciyar hanya da ta fara aiki a ƙarshen 2005, wato waliccin musamman. Mai riƙo yana samun ikon yanke shawara kan rayuwar yaro har ya girma, amma yaron yana nan ɗan iyayensa a doka. Cikin dalilan da gwamnati ta bayar lokacin da take shirya ta har da cewa wasu al'ummu suna da uzuri na addini game da sauya nasaba. Musulmi na cikinsu, tun da shari'a ta kwaɗaitar da riƙon maraya amma ta hana jingina shi ga wanda ba mahaifinsa ba. A yau kakanni da sauran dangi ne suka fi karɓar wannan walicci.

Ma'aikacin kansa

Tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a a Ingila ba tare da rajista ba, kuma ba a rajista sai da shaidar karatu da aka amince da ita a fannin. Alƙaluman gwamnati na 2023 sun nuna matsakaicin shari'u 16 ga kowane ma'aikaci, sai dai matsakaici yana ɓoye da yawa, domin waɗanda ke bakin daga sukan ɗauki fiye da haka. Barin aiki ya yi yawa, har yaro ɗaya kan ga ma'aikata uku ko huɗu kafin a gama shari'arsa, kowanne ya zo sai an sake ba shi labari daga farko.

A watan Agustan 2007 Peter Connelly, ɗan wata 17, ya mutu a Haringey, ƙaramar hukumar da Victoria ta mutu a hannunta, bayan ma'aikata daban-daban sun gan shi kusan sau 60. Jaridar The Sun ta tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya tana neman a kori ma'aikatan. A Disamban 2008 ministan yara Ed Balls ya sanar da tsige shugabar sashen, Sharon Shoesmith, a gaban ƴan jarida. A 2011 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen tsige ta. Abin da ya biyo baya shi ne ƙarar neman riƙo ta yi tashin gwauron zabo shekara da shekaru. Ba yara ne suka ƙara shan wuya dare ɗaya ba; ma'aikata ne suka ga abin da ya sami ƴan'uwansu. Bitar da Farfesa Eileen Munro ta yi a 2011 ta nuna cewa cike takardu da bin wa'adi sun cinye lokacin da ya kamata a yi tare da yara, kuma babu tsarin da zai kawar da rashin tabbas daga wannan aiki.

Daɗewar da kotunan iyali suka yi a rufe ta ƙara wa jama'a zargi. An ba ƴan jarida damar zama a ciki tun 2009, amma kusan ba abin da za su iya bugawa. A Janairun 2023 aka fara gwajin barin su ba da rahoto a Cardiff da Carlisle da Leeds. Cikin wannan lokaci ne aka kashe Sara Sharif, ƴar shekara 10, a garin Woking a watan Agustan 2023. Kotun iyali ce ta mayar da ita wajen mahaifinta a 2019, kuma shi da matarsa aka samu da laifin kisan a Disamban 2024. Wani alƙali ya hana bayyana sunayen alƙalan da suka taɓa sauraron maganarta, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hanin a Janairun 2025. Daga 27 ga wannan wata aka faɗaɗa damar ba da rahoto zuwa dukkan kotunan iyali na Ingila da Wales. Ɗan jarida na iya ambaton sunan alƙali da na ƙaramar hukuma da na lauyoyi, amma ba na yaro ko iyayensa ba. Sunan ma'aikacin da ya shiga gidan kuwa, yawanci ba a buga shi sai alƙali ya ba da izini.